Ford Fusion 'yar Amurka: wane inji ya dace da zafinmu da aljihunmu?

A wuraren sayar da motoci na hannu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, Toyota ce ke da kasuwa, amma lokaci zuwa lokaci ana cin karo da doguwar mota mai ƙofa huɗu, mai faffaɗan baki, wadda kuɗinta bai kai na Camry ta shekara ɗaya da ita ba. Sau da yawa Ford Fusion ce, samfurin 2013 zuwa 2020. Tana da faɗi a ciki, tana da kwanciya a kan kwalta, kuma tana da kyan gani. Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, Fusion biyu za su iya tsayawa gefe da gefe, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma injinansu sun sha bamban ƙwarai. Ɗaya za ta yi shekaru tana hidima da juyen baƙin mai kawai, ɗayar kuma tana iya neman sabon inji kafin damina biyu. Ga bayanin injinan da aka sa wa wannan mota, da yadda ake gane kowanne, da abin da ya kamata a duba kafin a miƙa kuɗi.

Asalin motar

Kamfanin Ford ya fara sayar da Fusion a Amurka da samfurin 2006. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce zubi na biyu, wanda ya fito da samfurin 2013, aka yi masa kwaskwarima a 2017 da 2019, aka kuma daina ƙera shi a 2020 bayan kamfanin ya karkata ga manyan motoci masu tudu. Yawancinsu an haɗa su ne a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, wasu kuma a Flat Rock cikin jihar Michigan. A Turai 'yar'uwarta ita ce Mondeo, wadda galibi ke zuwa da injin gazuwal. Fusion ta Amurka kuwa fetur kawai take sha, ko fetur haɗe da lantarki.

Tana da matakai: S ita ce ta ƙasa, sai SE, sai SEL a shekarun ƙarshe, sai Titanium, Platinum da Sport a sama. Rubutun da ke bayan mota yana ba da haske game da injin, amma ba hujja ba ne, domin SE kaɗai ta fito da inji iri-iri, kuma ana iya liƙa wa kowace mota kowane tambari.

A fara da lambar shasi

Hujjar tana cikin lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganinta ta gilashin gaba a ƙasa ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A tabbatar waɗannan biyun sun zo ɗaya da abin da ke cikin takardun duwan. Sai a ƙirga daga hagu zuwa na takwas, shi ne ke faɗin injin da motar ta fito da shi daga masana'anta:

- 7: inji mai lita 2.5, ba turbo
- R: lita 1.6 EcoBoost, mai turbo
- D: lita 1.5 EcoBoost, mai turbo
- 9: lita 2.0 EcoBoost, mai turbo
- P: lita 2.7 EcoBoost, silinda shida, turbo biyu
- U: lita 2.0 mai haɗin fetur da lantarki

Na goma kuma shi ne shekarar samfuri: D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Wannan yana da amfani sosai, domin ana sauya wa tsohuwar Fusion fitilu da gaba a ce ta 2017 ce. Akwai wata alamar a ciki: daga 2017 an cire sandar giya aka sa wani kewayayyen maɓalli da ake murɗawa. Motar da aka ce ta 2018 ce amma tana da sanda, akwai magana.

Ƙarfin dokin da za a ambata a ƙasa ma'aunin masana'anta ne. Ya sha bamban da dawakin da ake rubutawa a kart giriz, waɗanda ake lissafin haraji da inshora da su.

Lita 2.5: jakin gida

Wannan inji mai silinda huɗu yana ba da ƙarfin doki 175. Tsohon zubi ne da ya samo asali daga haɗin gwiwar Ford da Mazda, an kuma sa shi a Fusion ta 2010 zuwa 2012, da Escape, da Transit Connect. Ba shi da turbo. Nozul ɗinsa suna fesa mai ne a bakin hanyar iska, don haka man yana wanke bawul yayin da yake wucewa, kuma ba ya buƙatar famfo mai matsanancin matsi. Sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasan injin, ba bel ba, kuma in ana juyen baƙin mai a kan kari, sarƙar takan daɗe.

Ba ya da zafin tashi. In an cika motar da mutum biyar da kaya, kilim na aiki, sai an taka totur sosai kafin a wuce tirela a hanyar Dogon Dutse zuwa Ƙonni. Yana kuma da ɗan ƙara idan aka matsa masa. Amma shi ne wanda duk makaniken da ya saba da injin Japan zai buɗe ya gane, kuma shi ne ya fi haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Ana samunsa a matakin S duk shekarun, da SE har zuwa 2018.

Lita 1.6: a yi hattara

Shekara biyu kawai ya yi a Fusion, 2013 da 2014, da ƙarfin doki 178. A 2014 ma da giyar hannu kaɗai ya zo. Tarihinsa na zafi ne: a ƙarshen 2012 Ford ta yi wa motoci masu wannan inji kiranye saboda haɗarin ɗaukar zafi da kama wuta, ta sake yin wani a 2017, inda aka bayyana cewa ƙarancin ruwa na iya tsaga kan injin, baƙin mai ya zubo a kan wuri mai zafi. Gyaran da aka yi ya haɗa da sa na'urar da ke gargaɗi idan ruwa ya ragu. Injin da ya sha wannan wahala a ƙasa mai sanyi, ba shi ne za a zaɓa wa garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba.

Lita 1.5: kyan ɗan maciji

Shi ya maye gurbin 1.6 daga 2014, da ƙarfin doki 181, kuma daga 2019 ya zama injin da SE da SEL ke zuwa da shi kai tsaye. Saboda haka yana da yawa a kasuwa. A tuƙi ya fi 2.5 daɗi, domin turbo yana ba shi ƙarfi tun daga ƙananan juyi, kuma ba ya ihu.

Matsalarsa tana cikin gangar injin. An yanka wani siririn tsagi tsakanin silinda da silinda domin ruwa ya ratsa ya sanyaya. Wurin da gaskit ke zama a nan ya zama siriri, kuma da tafiya ta yi tafiya ruwa kan sami hanya ya shiga cikin silinda, galibi na biyu ko na uku. Ford ta amince da matsalar a sanarwar da ta aika wa garajojinta, kuma maganin da ta bayar shi ne canza gangar injin. Sauya gaskit kaɗai ba ya kawo ƙarshenta. An gyara zubin gangar cikin shekarar 2019, don haka motocin da aka ƙera bayan tsakiyar wannan shekara, da samfurin 2020, sun fi kwanciyar hankali. Watan da aka ƙera mota yana rubuce a takardar jikin ƙofa.

Wani abin lura: 1.5 da 1.6 bel ne da su a maimakon sarƙa. Kamfanin ya sa a canza shi a mil 150,000, wato kusan kilomita 240,000, amma zafi da shekaru suna cin roba ko mota ba ta yi tafiya ba. In ya tsinke, fistin da bawul sukan gamu. Wanda ya sayi irin wannan mota ba tare da shaidar an taɓa canza shi ba, ya sa kuɗin canjin cikin lissafinsa.

Lita 2.0: a duba shekara

Wannan shi ne injin Titanium, ana kuma samunsa a wasu SE. Yana ba da ƙarfin doki 240, daga 2017 kuma 245. Yana da sarƙa, yana da gudu, kuma shi ne ke sa doguwar tafiya ta yi sauƙi. A nan shekara ce ke raba gardama. Na 2013 zuwa 2016 tsohon zubi ne wanda ba a san shi da yawan shigar ruwa cikin silinda ba. Na 2017 zuwa farkon 2019 sabon zubi ne mai irin tsagin da ke cikin 1.5, kuma ya gaji matsalar. Abin mamaki ke nan a wannan mota: ta 2016 tana iya fin ta 2018 aminci, ko da yake ta 2018 ta fi tsada.

Wasu masu 2.0 suna ja da ƙafa huɗu. Wannan ba ya mayar da Fusion motar rairayi, an yi shi ne domin ƙanƙara da santsi. Abin da yake ƙarawa a nan shi ne shan mai, da wani ƙaramin akwatin giya da ke kusa da salansa wanda mansa kan ƙone, da wajabcin sa tayoyi huɗu iri ɗaya masu ci ɗaya.

Lita 2.7: ta masu sha'awa

Fusion Sport ta 2017 zuwa 2019 ce kaɗai ke da shi: silinda shida, turbo biyu, ƙarfin doki 325, ja da ƙafa huɗu, da ƙafafu masu inci 19. Mota ce mai ban sha'awa, amma ba ta da yawa ko a Amurka. Shokanta na lantarki ne, ƙarƙashin bonet a cushe yake, kuma kayan gyaranta sai an yi odarsu an jira. Ta dace da wanda ke da wata motar a gida.

Mai haɗin lantarki

Fusion Hybrid tana da inji mai lita 2.0 marar turbo tare da injin lantarki, jimillar ƙarfin doki 188. Ba ta cikin masu matsalar tsagin ganga, kuma a cikin gari babu wadda ta kai ta tsimin mai, domin a cunkoso injin fetur kan mutu lantarki ya ja. Babban batirinta yana bayan kujerar baya, iska ce ke sanyaya shi, don haka ƙura da ajiye mota a rana suna rage masa kwana. Ya kuma cinye wani ɓangare na but: lita 340 a maimakon 453, kuma ba ta zuwa da safaya. Wasu na shekarun farko sun yi fama da kukan boris a cikin giya. Kafin a saye ta, a fara neman makaniken da ya san irin wannan aiki a garin da ake zaune, domin wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa.

Akwai kuma Energi, wadda ake jona wa wutar gida. But ɗinta ya fi ƙanƙanta, lita 232, kuma wayar cajin da take zuwa da ita ta wutar Amurka ce mai bolt 120. Tamu 220 ce, kada a jona kai tsaye.

Lissafin mai

Ga alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka na samfurin 2017, gari da hanya a haɗe, an mayar da su lita a kowane kilomita 100: 2.5 tana shan kusan 9.4, 1.5 kusan 8.7, 2.0 kusan 9.4, mai ƙafa huɗu 10.2, 2.7 kusan 11.8, Hybrid kusan 5.6. A nan, da kilim a kunne kullum da ramuka da tsaye-tsaye, kowacce za ta ɗara haka, amma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin dubawa.

A ɗauki mai tafiyar kilomita 1,500 a wata, a kuma ƙaddara lita a sefa 500. Mai 2.5 zai sayi lita 141, mai 1.5 kuma lita 131. Bambancin lita goma ne, wato jika biyar a wata, jika sittin a shekara. Wannan ribar ba ta kama ƙafar kuɗin sabon turbo ba, balle na inji. Hybrid ce kawai ke kawo bambanci na gaske: lita 84, wato rarar da ta kusa jika talatin a wata. A doguwar hanya kuwa tazarar tana raguwa. Tankin Fusion mai ja da gaba yana cin kusan lita 62, kuma a takarda 2.5 za ta yi Yamai zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 660, da lita hamsin.

Ingancin man ma yana cikin lissafi. Duk injinan EcoBoost suna fesa mai ne kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa. Ƙasa ko ruwa kaɗan a cikin mai yana lalata famfon da nozul. Wanda ya san yakan tsaya wurin 'yan ruwa-ruwa ya sha na kwalba, ya nisanci turbo. Haka baƙin mai: 2.5 da 1.5 suna son 5W-20, 2.0 da 2.7 suna son 5W-30, Hybrid 0W-20. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci yana jinkirin isa ga turbo da safe. Lagireto kuma ruwan sanyaya inji na gaske yake so. Ruwan famfo ko na rijiya yana tara tsatsa da gishiri, yana kuma saurin tafasa.

Tarihin motar kafin ta hau jirgi

Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke sauka a tashoshin Kwatano da Lome an saye su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari, ko ambaliya ta shanye. Wannan ba laifi ba ne a kansa. Motar da aka buga wa ƙofa aka gyara da kyau tana iya zama alheri. Abin da ake so shi ne mai saye ya san me ya same ta. In aka rubuta lambar shasi a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon suna fitowa, a ga motar yadda take kafin fenti. Rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda ake biya, yana nuna haɗari da tafiyar da aka rubuta a lokuta daban-daban. A tuna agogon Amurka mil yake ƙirgawa: mil 120,000 kilomita 193,000 ne.

Motar ambaliya ita ce mafi haɗari, domin Fusion cike take da kwamfutoci, har sitiyarinta na lantarki ne. Guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Texas da Florida. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, a leƙa ramin safaya. Laka, tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera, ko warin ruma, sun isa a fasa ciniki. Motar da ta fito daga jihohin arewa, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, a leƙa ƙarƙashinta.

Shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, yana nuna kyauta ko akwai kiranyen da ba a yi wa mota ba. Fusion ta sha su: ƙullin ƙofa da kan buɗe, kusar sitiyari da kan kwance a samfurin 2014 zuwa 2018, tiyon birkin gaba da kan fashe a na 2013 zuwa 2018, da wata 'yar roba a wayar giya a na 2013 zuwa 2016 wadda in ta lalace mota kan gangara alhali direba yana ganin ya ajiye ta. A Amurka kyauta ake gyara su. A nan daga aljihun mai mota ne, amma yawancinsu ba su da tsada, kuma rai ne a ciki.

Ranar gwaji

A je da makanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a nemi a tarar da injin a sanyaye, wanda ya kwana bai tashi ba. In an iso an ji bonet da ɗumi, a dawo gobe.

1. Kafin a tayar, a duba tulun ruwa. In ya yi ƙasa kuma babu ɗigo a ƙasa, a tambayi inda ruwan yake zuwa.
2. A tayar a saurara. Rawar inji ta 'yan daƙiƙu da farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari alama ce ta ruwa a silinda.
3. A jona na'urar binciken kwamfuta. Lambobin P0300 zuwa P0304 da P0316 a kan 1.5 ko 2.0 abin tsoro ne. Na'urar tana kuma nuna in an goge lambobi kwanan nan.
4. A kwance fulogi. Wanda ya fi sauran haske kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi.
5. A yi tafiyar aƙalla rabin awa da kilim a kunne, a gari da kan kwalta. Giyar mai hawa shida ce, a lura da fizga ko jinkiri tsakanin ta biyu da ta uku, da lokacin sa ribas. Manta Mercon LV ne, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, giyar ta sha wuya.
6. A duba tayoyi. Ƙafa mai inci 16 ko 17 ta fi jure ramuka fiye da 18 ko 19. Motar gajeriya ce, ba ta son burji mai kwari ko rairayin unguwa.
7. A tabbatar takardun duwan na gaske ne kuma an biya cikakke, kafin maganar kart giriz.

Wanda zai yi oda daga waje kuwa, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya karɓi lambar shasi tukuna, ya bincika, sannan ya tura kuɗi.

Wanne za a ɗauka?

Ga mai iyali, ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke son mota ɗaya ta kai yara makaranta ta kuma yi Maraɗi zuwa Damagaram ba fargaba, 2.5 ce, mai lamba 7 a gurbi na takwas. Kayanta sun fi sauƙin samu, ko a gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Wanda ke son ƙarfi ya nemi 2.0 ta 2013 zuwa 2016 mai ja da gaba, ko ta 2020, ya kuma riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi. Mai yawan zirga-zirga a cikin Yamai, wanda ke da inuwar ajiye mota da makaniken lantarki, Hybrid za ta mayar masa da kuɗinsa. Injin 1.5 na kafin tsakiyar 2019 da 2.0 na 2017 zuwa farkon 2019, sai in akwai takardar da ke nuna an canza ganga, ko kuma an rage kuɗin da zai isa sayen wani injin. Na 1.6 kuwa, a bar shi inda aka gan shi.

Kowanne aka zaɓa, kada a kashe duk kuɗin a wurin saye. A ware na juyen baƙin mai da man giya, sabon ruwan lagireto, matatar iska da batir tun makon farko, domin ba a san yaushe aka yi musu na ƙarshe ba.